Ranar da Na Yi wa Koriyar Riga Murna

A gidan kallon Kibiya ni ne masanin ƙwallo, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Ranar da 'yan Nijeriya ke bugawa a gasar wasannin Afirka, ban-ruwan albasa ya makarar da ni. Ina shiga masu koriyar riga suka zura ƙwallo. Na daka tsalle, na rungume Alhaji mai gidan kallon, ina ihu, "Ban gaya muku ba?"

Wuri ya yi tsit. Alhaji ya ɓamɓare hannuna a hankali, ya ce, "Malam, namu yau farare suka sa."

Har yau in na shiga motar Rano daga Kibiya, sai direba ya miƙo hannu: "Baƙonmu, ina fasfo?"