Katakon Sallau Da Ba Ya Karyewa

Tabawa mai ƙosai ce ta fara ba ni labarin nan, kuma a gaban kaskonta abin ya faru.

Sallau kafinta dai kun san shi, baki ya fi hannu aiki. In ya buga ƙusa ɗaya, sai unguwa ta kwana uku tana jin labarinta. To, shi ne ya je kasuwa ya sayo wani sabon katako mai faɗi, irin wanda ake haɗawa da garin katako da roba, a shimfiɗa zaren rama a ciki. Mai sayarwa ya ja masa kunne cewa zaren tsawon katakon ya bi, in zai yanka ya bi tsawonsa, don nan ƙarfin yake. Sallau ya ce shi da aka yaye shi a kan zarto ba za a koya masa yanka ba.

Da ya zo gida ya auna, sai ya ga in ya yanka ta faɗinsa zai fi samun guntaye da yawa. Kwaɗayi ya ce masa yanka. Ya yanka.

Lokacin kuwa Mai Unguwa na neman wanda zai ɗora katakon tsallaka lambatu a ƙofar kowane gida kafin ruwa ya kankama. Sallau ya ƙwallafa rai a kan aikin. Ya bi gida-gida yana cewa katakonsa ko giwa ta hau da 'ya'yanta ba zai karye ba, in ya karye a aske masa gemu a bainar jama'a.

Ranar gwaji ya sha farar babbar riga ta sitati, har tana ƙara in ya motsa. Ya ɗora gunta ɗaya a kan babban lambatun da ke gaban Tabawa, wanda baƙin ruwansa ko kuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Ya hau tsakiya, ya ɗan yi tsalle. Katako ya ɗan rusuna.

Mai Unguwa ya ce, "Malam Sallau, kamar yana lanƙwasa."

"Gaisuwa yake yi maka, ranka ya daɗe."

Maimakon ya sauka da mutuncinsa, sai ya hango Ɗan'azumi mahauci, mutumin da in ya hau babur ba a ganin babur. Ya yafito shi. Ɗan'azumi ya ce shi fa yana da iyali. Sallau ya rantse, ya kama hannunsa ya jawo shi.

Katako bai ce ƙas ba. A hankali ya dinga yin ƙasa, kamar tsohuwa za ta zauna a tabarma. Ruwa ya shafi takalmi, ya kama idon sawu, ya haura ƙwauri. Sallau yana murmushi yana ɗaga riga, yana ce wa jama'a su dai lura da kyau, ko tsagewa bai yi ba.

Da Ɗan'azumi ya ji sanyi a gwiwa, sai ya ce abin ya ishe shi, ya daka tsalle ya fice.

Katako ya miƙe fat. Sallau ya tashi sama, rigar ta buɗe kamar laima, hula ta yi gabas, shi ya yi yamma. Sai ji aka yi tsulum.

Can sai ga kai ya ɓullo, da ledar ruwa a kunne. Ya tofar da abin da ya tofar, ya dubi Mai Unguwa ya ce, "Amma dai ranka ya daɗe, ka shaida bai karye ba."

Mai Unguwa ya toshe hanci ya ce, "Na shaida. Gemunka ya tsira, sai dai a wanke shi."

Ni kuwa washegari da sassafe na je na karɓo gadona da na kai wa Sallau gyara. Ƙafarsa uku, amma na san inda yake ajiye ni.