Kiyashi a Hular Alhaji Hadi

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiya? Da sassafe haka, ko uwarki ce ta gaji da kallon munin nan naki ta koro ki?"

Alhaji Hadi ne ke amsa gaisuwar jikarsa Mufida, yana zaune a kan benci a ƙofar shagonsa na goro a Agege, kofin shayi na tururi a gefensa. Bai kai ga miƙa hannu ba ta ɗauke kofin ta riƙe.

"Yau babu shayi, tsoho. Oya, tashi mu tafi."

Ya san zancen sarai. Tun Juma'a liman ya sanar cewa gwamnatin jiha ta haɗa kai da wata ƙungiyar likitoci da shugabannin unguwa, za a kafa rumfa a filin firamare a yi wa jama'a gwajin ciwon suga kyauta, kuma an ce kowa ya zo bai karya ba. Shi ya sa ma Alhaji ya yi sammakon aika wa mai shayi, don idan an zo masa da maganar ya ce ai ya riga ya karya. Saura ƙiris dabarar ta ci, wannan ja'irar ta diro daga okada.

"Ni za a gwada? Ni da na ci goro shekara da shekaru? Jinina ɗaci gare shi, sauron Agege ma in ya cije ni sai ya tofar."

"Sauron da ke bin layi a ƙofar ɗakinka kamar masu jiran motar danfo?"

"Ɗanɗana shayin nan ki ji. Ko ƙwayar suga babu. Na daina tun bara, duk unguwa shaida ne."

Ta kurɓa, ta yarda lami ne. Alhaji ya gyara zama yana hura hanci. Sai dai idonta ba a kan kofin yake ba, a kan hularsa yake.

"To ango, su waɗannan baƙin fa, gaisuwa suka zo?"

Kiyashi ne suka jeru tun daga ƙafar benci, suka bi bayan rigarsa, suka haye wuya suka shige cikin hula. Alhaji dai ya daɗe yana ɓoye ƙwayoyin suga a cikin hular nan. In an kawo shayi sai ya yi kamar yana sosa kai, ya zaro biyu ya jefa. Kowa ya ɗauka amosani ke damunsa, har suruka ta taɓa sayo masa man kai.

Tsoho ya yi mirsisi. "Almajiran ilimi ne. Sun ji inda basira take."

"Basira mai narkewa a ruwan zafi. Abeg, Alhaji, ci gaba da sha. Ka ga in ka tafi, gumbar da za mu sha ba sai an sayi suga ba, a hularka za mu zazzage."

"Kwaɗayayya. Gumbata sai dai jikokinki su sha. Ni zan yi miki rakiya gidan miji, in ba shi haƙuri, in ƙara masa da goro saboda asarar da ya tafka."

"Da wace ƙafar za ka raka ni?"

Alhaji ya ja ƙafarsa ƙarƙashin benci. Wata guda ke nan yana sa safa a zafin Legas, yana cewa gayu ne. Gaskiyar ita ce wani ɗan ciwo ne a babban yatsa ya ƙi warkewa, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga yawan zagayawa. Kuma tsoro yake ji, tsoro na gaske. Amininsa Abdulbaƙi, dillalin raguna a Alaba Rago, da ƙafafunsa biyu ya shiga asibiti, ya fito da ɗaya. Tun daga ranar Alhaji ya ƙudura a ransa cewa gwaji ne ke tono ciwo, wanda bai je ba lafiyarsa ƙalau. Ya faɗa mata haka, yana ƙoƙarin mayar da abin wasa.

Mufida ta ajiye kofin a ƙasa. Ta tuna masa cewa shi da bakinsa ya ba su labarin yadda Abdulbaƙi ya shekara yana ɗaure ƙafa da tsumma, bai je ba sai da aka ɗauke shi ranga-ranga. Sannan ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

"Tun ina ƙarama nake ce maka ka mutu mu sha gumba. Wallahi Kaka ba na so. Ko an dama ba zan sha ba."

Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta. Tausayinta ya kama shi, da kunyar kansa, ya rasa inda zai sa ido. Sai ya tuɓe hular, ya kakkaɓe kiyashin, ya juye ƙwayoyin sugan a tafin hannunta.

"Ungo sadakinki. Daidai darajarki ke nan, har da canji."

Ta share ido da bayan hannu, ta sake miƙo ɗaya tafin. "Na aljihun fa?"

Alhaji ya fashe da dariya har da tari. Ya laluba aljihun gaba ya zaro sauran, ya ce wannan ba mata ba ce, ɗan sanda aka aura masa. Ya leƙa ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa shago, ya dafa kafaɗarta ya miƙe.

Ta ɗauki hanya da saurinta na 'yan Legas. Ya riƙo mayafinta.

"Yi a hankali, amarya," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Ƙafar nan ciwo take yi."