Ranar Da Zana Ta Faɗi Da Ni

Ko shekaruna na manta, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ta bikin autata a Mabai ba. Ni ce matar da ake tsorata yaran unguwa da sunanta. Baƙi ɗaya na boko ban sani ba, amma ba abin da ke wuce idona. Ɗana na fari kuwa, shekara talatin ban taɓa kiran sunansa ba, ban zauna inda yake ba, kamar kowace uwa mai kunya. Da wannan nake taƙama a cikin mata.

Yana aiki a gidan gonar auduga a Daudawa, sai ya zo biki da wani littafin Turawa. Ya zauna a ƙofar gida da abokansa da Malam Liman, yana karantawa yana juya musu da Hausa. Wai wani birni ne na zamani mai zuwa, mutanen ƙarfe ke noma da girki, 'yan Adam kuwa ba mai gaida wani.

Na je gindin zana ɗauko itace (itacen kam na ɗauka, tafiyar ce ta gagara). Na kasa kunne, na jingina. Aka zo inda wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar hanya, jama'a na ta tsallake shi, kowa na duban agogonsa. Raina ya ɓaci. Ban san sa'ad da na ɗaga murya ba: "Kai Sule, yanzu ba wanda zai ɗaga shi?"

Suna ya fita. Zanar ma, da gara ta riga ta cinye dirkarta, ta bi bayansa. Sai ga ni a waje rub da ciki, kallabi can, ni nan.

Ba wanda ya motsa. Ɗan nawa ya rufe fuska da littafi ya ci gaba da karatu. Samari suka duƙufa kallon yatsun ƙafarsu. Malam Liman ya ɗaga kai sama, ya ce shi kamar hadari yake gani (ana tsakiyar rani). Na tattara kaina na shige.

Kwana uku ina jiran maganar ta zaga gari har kasuwar Yankara. Shiru. Sai surukata, matar shi ɗan nawa, ta kawo mini man kaɗanya, ta durƙusa, ido a ƙasa. "Inna, wai ko akwai mai ciwon gwiwa a gidan nan. Kuma wai a ƙarshe an ɗaga tsohon."

Na ce wane tsoho? Amma na karɓi man.

Har gobe ina tsine wa mutanen birnin nan. Sai dai yanzu in na ga mutum ya kau da kai, nakan dakata in gane ko taurin zuciya ne ko rufin asiri. In kuma zan yi laɓe, da ƙafafuna nake tsayawa.