Wasiƙar Ɗan Fari daga Ingila

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wasiƙar da na aika wa mahaifina daga Ingila, zamanin Turawa na mulkinmu. En'e ce ta tura ni karatun koyarwa na shekara biyu, ni ɗan manomin albasa daga Danchadi, wanda ko Kaduna bai taɓa gani ba.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi: mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ba ya zama inda nake, ba ya tambayar lafiyata a gaban jama'a. In ta kama dole ya ambace ni, sai ya ce "wancan". Tun ina ƙarami ma aka miƙa ni ga Baffa, ƙanensa, a Shagari. Ban taɓa ganin aibun haka ba sai da na haye teku.

An sauke ni a gidan wasu mata da miji masu ɗa guda, sa'ana. Kullum da safe uban zai kira shi da sunansa, ya dafa kafaɗarsa, su zauna tebur ɗaya suna gardamar ƙwallo. Ni kuwa ina gefe ina kokawa da dafaffen kabeji da cokali mai yatsu, ina kallonsu kamar maraya. Wata rana matar gidan ta tambaye ni me ya sa babana ba ya rubuto mini. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari da guntun Turancina. Ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa, ta ce kaico, ashe ban san daɗin uba ba. Ta ce in rubuta masa duk abin da ke raina, haka wayayyu ke yi.

Ni kuwa gogan naku na yarda. (Sanyi da kewar gida kan sa mutum ya ɗauki shawarar kowa.) Na cika shafi huɗu. "Ya babana abin ƙaunata," na fara. Na ce ina mafarkinsa, na ce ina kuka, na tambaye shi laifin da na yi masa da ba ya iya furta sunana. Na ce in na dawo ina so ya rungume ni kamar yadda iyaye ke yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ga kuma inda wautar ta ƙure: mahaifina yana karanta ajami sarai, ni ma na iya, amma na rubuta da boko, don a san ɗa ya yi ilimi.

Amsa ba ta zo ba. Na yi fushi, na ce lallai Baturiyar nan ta yi gaskiya.

Ranar da na dawo, na iso Danchadi cikin zafin bazara sanye da kwat da laktaye, ina tafiya ɗaiɗai. Ƙofar gidanmu cike da masu tarya. Mahaifina yana can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye, yana jan carbi. Ban gama gaisawa ba sai taubashina ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya lanƙwasa murya: "Ya babana abin ƙaunata! Ina mafarkinka, ina kuka!"

Wuri ya kece da dariya. Wani daga baya ya karɓe: "Mi niy yi maka, Baba, da ba ka hwaɗin sunana?" Ashe har mata a cikin gida sun haddace ta. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "To ga shi ya iso, a rungume shi mana!"

Mahaifina ya ɗauki butarsa da takalmansa ya shige gida. Na tsaya riƙe da akwati, gumi na bin laktayen, ina murmushin yaƙe kamar an kama ni da kazar maƙwabta.

Bayan la'asar Baffa ya ja ni gefe. "Kai, mi yas shiga kanka? Takarda ta hwarko da taz zo garinga daga Ingila, kowa ya taru shi ji. Malamin gona anka kira, shi ɗai ka karanta boko. Yat tashi tsaye yana karantawa, ubanka na zamne tsakiyar dattawa, har da liman. Tun ran nan bai koma majalisa ba."

Na ce, "Baffa, ni dai so nake in san ko yana sona."

Ya dube ni tun daga takalmi har ƙeya. "Duk ranar kasuwa da ƙahwa yaka zuwa Bodinga, shi tsaya tasha shi tambayi direbobi ko ruwan teku na cin jirgi. Bai taɓa cewa don wa ba. Kowa ya san don wa. Kai ɗai na ba ka sani ba, mai ilimi."

Har mahaifina ya rasu bai sake zama cikin dattawan nan ba. Na so in nemi gafararsa, amma ta wace hanya? In na durƙusa gabansa na buɗe baki, na sake tona shi ke nan. Sai na yi shiru, abin da ya kamata in yi tun farko, kuma har yau abin yana cin raina.

Na ƙare aikina ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa. Darasina na farko ba ya cikin littafi: kafin ka ɗora alƙalami, ka san wanda zai karanta, da waɗanda za su zauna suna ji. Ni sai da na je Ingila na dawo na koye shi, kuma mahaifina ne ya sha kunyar.