Jibi a Bahon Inna

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun shige mini, amma launin rigar ban manta ba.

Na dawo Yelwa hutu, sai Kawu Sani ya tambaye ni, "Wai mi kaka bincike can jami'a?" Na ce muna da 'yar na'ura mai aiki da maganaɗisu, tana sauraren ƙwayoyin da ke cikin ɗigon ruwa don ta tantance su. Matsalar ita ce ba sa zama wuri ɗaya. Kafin ta gama sauraro sun watse, sai sakamakon ya fito dishi-dishi.

Bai gane ba, na ce bari in gwada masa. Ruwan da na samu a kwance shi ne na bahon da Inna ta jiƙa farar rigarsa, wadda zai sa zuwa suna a Warra. Na ɗiga jibi, maganin gyambon nan mai rini, can gefe. Na tabbatar masa cewa a baho sai watsuwar ta yi kwanaki kafin ta kai rigar. Har na maimaita lissafin.

Hannun Inna ne ban sa a lissafin ba. Ta zo da sabulu, ta tsunduma hannu, ta cuɗa.

Kawu ya ɗaga rigar, shunayya sharkaf, ya ce, "To, ɗana, ta watsu." Da rigar aro ya je sunan.

Har yau in na sauka tasha, 'yan kabu-kabu sai su ce, "Dakta Jibi, saura kwana nawa?" Na gaji da bayani. Duk wanda ya shaida abin, don Allah ya taimaka ya gyara mini: Kawu ya ce rabin kwalba na zuba, ni kuwa ina zaton ɗigo uku ne.