Harajin Mode Ɗan Kokawa

Zuwa ga Mai Girma, Mai Adalci, Ofishin Kimanta Arzikin Talakawa, wanda alƙalaminsa bai taɓa kuskure ba. Allah shi ƙara girma.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar ma'aikata, ni ne Abdulƙadiri, malamin elementare a Achida. Na rubuto ne a kan Mode, tsohon ɗalibina, yaro mai ladabi da kyan rubutu, wanda yanzu ke kada kowa a kokawar kaka daga Wurno har Giyawa. Bana kun yanka mashi harajin fam huɗu, daidai da na attajiri mai raƙuma, domin kun ce 'yan kokawa na samun abin da ya fi wahalarsu. Na yarda ƙwarai. 'Yan tambayoyi ne kawai gare ni.

Na ɗaya. Malamin da kunka aiko ya je filin Goronyo ran kasuwa, ya ga an ba Mode bijimi, da riga, da rawani, da sulalla cike da ƙwarya. Duk ya rubuta, kuma gaskiya ya rubuta. Sai dai da la'asar ya hau kekensa ya koma. Mi ya hana shi ƙara sa'a guda?

Na biyu. A al'adarmu, wanda ya yi kaye ba ya barin fili da abin da anka ba shi. Rigar ta tafi ga Yusha'u makaɗi, don in bai samu ba, mako mai zuwa gangarsa kirarin wani za ta yi. Rawani na malamin da ya rubuta laya ne. Sulalla maroƙa sunka raba, suna shaida ma jama'a cewa Mode bai san rowa ba. Bijimin kuwa, mutanen Achida sun rako shi tun daga kasuwa da wuƙaƙensu, don kayen na gari ne duka. Ni ma an aiko mani da tsoka biyu, na ci, ban ɓoye ba. Mode ya iso gida da warkinsa da gocewar kafaɗa. Wanne daga cikin biyun nan ofis ya kimanta fam huɗu?

Na uku, maganar almubazzaranci, ko da wani zai ce ɓarnatar da arzikin ya yi. Na bincika da kaina. Ya sayi man shanu na shafa kafaɗa, ya sallami mai ɗori da zakara. Matarsa Habi ta ce in rubuta maku kamar yadda ta faɗa: "Malam, in sun gano inda arzikin nan yake, don Allah su kwatanta mani wurin. Shekara shida ina sharar ɗakin nan ban ci karo da shi ba."

Na huɗu. An ce in bai biya ba kafin wata ya mutu, za a sayar da gonarsa ta albasa da ke fadama. Kokawa wata biyu ce a shekara. Sauran wata goman gonar nan ke ciyar da mutum tara, har da tsohuwarsa Sabuwa da ba ta gani. Ko ofis ya tanadi inda za su riƙa zuwa cin tuwo?

Ni na koya ma Mode lissafi, kuma abin takaici bai manta ba. Shekaranjiya ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, wanda anka kayar, nawa ne harajinsa?" Na ce sule tara, kamar na kowa. Ya yi godiya ya tashi.

To, kasuwar Goronyo mai zuwa zai kara da Sale na Rabah, wanda shi ma kunka yanka ma fam huɗu. Na ji shi ma ya yi wagga tambaya a garinsu. Kowannensu yanzu yana bayan gari yana koyon faɗuwa, don a gani a gyara takardar haraji. Dattawa sun ce ba su taɓa ganin kokawar da za a yi rigegen kai gwiwa ƙasa ba. Wannan ci gaba ne, kuma ofishinku ya kawo shi.

Ɗiyan makarantata duk za su je kallo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya masu mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan abin da ya iya. Ina roƙo da girman Allah a aiko mani da abin da zan koya masu kashegari.

Naku mai biyayya, wanda bai taɓa kada kowa ba,

Malam Abdulƙadiri
Elementare, Achida, 1953