Mutumin da Ya Je Jiƙa Buroshi

Wani ne a ƙauyenmu, can gaba da garin Dokkum, 'yarsa ta samu shiga jami'a a birnin Groningen. Marrit sunanta, ita kaɗai suka haifa shi da matarsa Aukje. Shi mutumin shekara talatin yana tuƙa motar madara, bai taɓa latti ba, bai taɓa taka doka ba. Matsalarsa ɗaya ce. In zancen hukuma ya shiga kunnensa, sai ya juya shi sau uku, ya fahimce shi ta inda wanda ya kafa dokar bai taɓa tunani ba.

To kun san yadda tallafin karatun nan yake. Ɗalibin da ke zaune tare da iyayensa kaɗan ake ba shi, wanda ya fita ya kama ɗaki nasa ya fi kauri. Marrit ta kama ɗaki a hawa na uku a gidan wata tsohuwa, kuma da wannan ƙarin take biyan haya. In aka yanke shi babu ɗaki, kuma daga ƙauyenmu zuwa aji awa uku da rabi ne, bas biyu da jirgin ƙasa, shi ma ranar da iska ta yarda. Amma ita yarinyar komai nata daidai yake. Ta tashi, ta yi rajistar sabon adireshinta, tallafi na shigowa. Abin da ya rage kawai a ƙyale shi haka.

Wata Asabar mutumin yana aske shingen shuke-shuken gidansa da almakashi, sai maƙwabcinsa Wiebe ya leƙo.

"Maƙwabci, ka ji abin da ya samu ɗan ƙanwata?"

"Me ya same shi?"

"Masu bincike. Sun faɗo ɗakinsa ba sanarwa, suka gane ba a can yake kwana ba, gidan uwarsa yake komawa. Sun yanke tallafin."

"Ta yaya suka gane?"

"Buroshin goge baki. Sun taɓa suka ji shi a bushe ƙamas. Ai su mutanen nan ba kai suke tambaya ba, buroshi suke tambaya."

Mutumin ya ajiye almakashi, shinge rabi a aske rabi da suma. Kafin Aukje ta dawo daga kasuwa ya sauke hotunan Marrit daga bango, ya kwance sunanta daga allon ƙofa, ya kai tsohon kekenta rumfar Wiebe. Ya shiga banɗaki, inda kalandar ranakun haihuwa take rataye kamar a kowane gida a wajenmu, ya goge sha huɗu ga Mayu, ranar haihuwar Marrit, har takardar ta huje.

Aukje ta shigo da jakar dankali, ta ga bango fayau.

"Baban Marrit, ina hotunan?"

"Wace Marrit?"

Ran Lahadi ana yayyafi sai ga yarinyar da buhun wanki a kafaɗa. Ta sa makullinta, ƙofa ta ƙi. Ta danna ƙararrawa. Aka buɗe tagar kicin kaɗan.

"Sannu baiwar Allah, wa kike nema?"

"Baba, ni ce."

"Ƙasa-ƙasa da muryarki. Ana iya ji daga titi."

"Baba, ruwa ake yi."

"Na gani. A Groningen ma ana yi, kuma can ne naki."

Aukje na bayansa tana cewa don Allah ya bar yarinya ta shigo ko da minti goma ne. Ya ce minti goma shi ke zama awa, awa ta zama kwana, kwana ya zama wasiƙa. Ta taga aka miƙa wa Marrit kofi da biskit ɗaya, ta sha a tsaye ƙarƙashin lema. Wankin kuwa ya yarda a yi, da sharaɗin a shanya a igiyar Wiebe.

Da za ta tafi ta ce, "Mama, Laraba za mu tafi tsibiri da malaminmu, mako uku, nazarin tsutsar laka. Waya ba ta cika kamawa a can ba."

Mutumin ya zuro kai ta taga. "Buroshinki fa?"

"Da shi zan tafi mana, Baba. Da me zan goge baki?"

Ya rufe taga a hankali, ya zauna. Mako uku, ɗaki ba kowa, ba ma buroshin da za a taɓa.

Ran Laraba ya ɗauki makullin ɗakin da Marrit ta bar wa uwarta, ya sayi sabon buroshi ruwan hoda, ya hau bas biyu da jirgi. Ya jiƙa buroshin, ya sa shi a kofi, ya rufe ɗaki, ya hau jirgi da bas biyu ya dawo. A hanya wani tunani ya faɗo masa. Yana isa gida ya jiƙa nasa buroshin, ya dasa shi a tsakiyar tebur, ya cire agogo ya zauna yana kallo.

"Aukje."

"Na'am."

"Awa uku da minti goma."

"Me ke nan?"

"Ya bushe. Tun ina cikin bas na biyu ɗakin yarinyar nan ya zama kango."

Washegari ya ɗauki hutu a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba sai ranar aurensa. Ya haɗa jaka: silifas, kayan barci, reza, maganin hawan jini, matashin kansa, da 'yar rediyonsa ta jin hasashen yanayi. Aukje ta bi shi har bakin titi.

"Don Allah, Baban Marrit, kada ka taɓa komai. Komai na yarinyar nan daidai yake."

"Shi ya sa zan je in tsare shi."

Ya tare a ɗakin. Kowane awa uku sai ya tashi ya jiƙa buroshi. Ya yi tunanin wanda ya taɓa buroshi zai iya taɓa gado, don haka ya riƙa kwanciya bayan kowane abinci don katifa ta zauna da ɗumi. Ya buɗe kwalin nono ya sa a firji, ya bar ɓawon cuku a faranti. Sauran ɗaliban gidan sun ɗauka ya zo gyaran tukunyar ruwan zafi ne. Da ya ji haka sai ya gyara ta, don kada a yi zargi.

Kwana biyar, tsohuwa mai gidan ta tare shi a ƙasan matakala.

"Bawan Allah, kai ne ke tari a hawa na uku?"

"Ni ne."

"To gidana ba a zama ba rajista. Shekara arba'in ina ba da haya, ban taɓa samun matsala da hukuma ba."

Maganar ta shige shi sosai, don bai daɗe da jin mai hankali irin wannan ba. Ashe ga ɓaraka a gabansa bai gani ba! In masu bincike suka zo suka tarar da mutum a ɗaki, kuma ba shi a takarda, ai an gama. Tsohuwa ta sa masa hannu a takardar rajista, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya nufi ofishin ƙaramar hukuma.

Ma'aikacin ya dubi takarda, ya dube shi. "Wannan gidan ɗalibai ne."

"Na sani."

"Kuma kana son a cire sunanka daga gidanka na ƙauye, a mayar nan?"

"A nan nake kwana. Ni ba na son komai a ɓoye."

Ma'aikacin ya buga hatimi. Mutumin ya fito ya kira matarsa.

"Aukje, ki kwantar da hankalinki. Yanzu ba ƙofar da za su shigo mana ta ita."

"Me ka yi?"

"Komai a rubuce."

Aukje ta ajiye waya, ta nemi kujera.

Bayan mako ɗaya, da hantsi, aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce da rigar ruwa da 'yar kwamfuta a hannu. Ta ce sunanta Madam Veenstra, daga ofishin tallafin ɗalibai. Mutumin bai taɓa murnar ganin baƙo haka ba. Ya ba ta kujera, ya zuba mata kofi, ya buɗe gwangwanin biskit ta ɗauki ɗaya, ya rufe. Sannan ya kawo kofin buroshi da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, taɓa ki ji."

Ba ta taɓa ba. "Na waye?"

"Na Marrit."

"Ina take?"

"Tsibiri. Yau kwana goma sha uku."

"Kwana goma sha uku, buroshi na ɗiga?"

"Ba a taɓa barinsa ya wuce awa uku ba."

"Wa ke jiƙa shi?"

"Ni."

Ta rubuta. Ta dubi silifas a bakin gado, ta dubi reza, ta dubi maganin hawan jini kusa da littafin tsutsa.

"Kai wane ne a wurinta?"

Makonni ke nan yana koyon cewa bai san ta ba.

"Ni mai kula da buroshi ne."

"Sunan gidanku ɗaya a nan."

"A arewa muna da yawa."

"An rubuta kai ka yi rajistar haihuwarta, sha huɗu ga Mayu."

"Na goge wannan."

Madam Veenstra ta kurɓi kofi. "Malam, mu ba mu da niyyar zuwa gidan nan. Takardun yarinyar tsaf suke, ko kallonsu ba mu taɓa yi ba. Ran Alhamis ne kwamfuta ta nuna mana ɗaliba da mahaifinta a adireshi ɗaya. Shi ya kawo ni."

"To ai kuskure ne. Yarinyar nan tun watan Agusta ba ta kwana gidana ba. Ko zaure ba ta shiga. Tambayi Wiebe, a igiyarsa ake shanya mata."

"Kai a ina kake zaune?"

"Nan."

"Ita fa?"

"Nan."

"To."

Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi buroshi, ya sake lissafawa da yatsu biyu.

"Amma ranki ya daɗe, ba ita ta koma gida ba. Ni na zo."

"Dokar ba ta tambayi wa ya bi wani ba. Tare kuke, shi ke nan."

Ta rufe kwamfutar. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a aikin nan, ta ga ɗalibai masu gudu su koma wurin iyaye, amma yau ta fara ganin uban da ya kawo kansa har da hatimi. Ta ce abu ɗaya za ta iya yi. In ya mayar da sunansa ƙauye zuwa Litinin, za ta rubuta cewa kuskure ne, tallafi ya ci gaba. In Litinin ta wuce, za a yanke, yarinya ta dawo daga laka ta tarar ba ɗaki. Ta ba shi takardar komawa, ta nuna masa layin ƙasa.

"Nan wanda ke zaune a gidan zai sa hannu, cewa ya yarda ka tare."

"Ai gidana ne."

"A takarda gidan wata Aukje ne, ita kaɗai."

Ya haɗa silifas da reza da rediyo. A bakin ƙofa ya juyo.

"Buroshin fa, in bar shi a jiƙe ko a bushe?"

"Malam, jirginka."

Jirgi, bas, bas. Ya iso ƙauye da la'asar ana yayyafi, shinge na nan rabi da suma. Ya sa makullinsa, ƙofa ta ƙi. Ya dubi allon ƙofa, sunan Marrit ya dawo, nasa babu. Ya danna ƙararrawa. Aka buɗe tagar kicin kaɗan.

"Sannu bawan Allah, wa kake nema?"

"Aukje, ni ne."

"Ƙasa-ƙasa da muryarka. Ana iya ji daga titi."

Ya miƙa mata takardar ta taga, ya yi bayani daga farko, ruwa na gangara masa a wuya. Ta sa tabarau, ta karanta har ƙananan rubutun, ta sa hannu, ta miƙo masa tare da kofi da biskit ɗaya.

"Ga ta nan. Don Marrit na sa."

"Na gode. To buɗe mana."

"Sai Litinin, in rajistar ta fara aiki. Kafin nan in masu bincike suka same ka a ciki, janye min ragin za su yi."

"Wane ragi kuma?"

"Na kuɗin shara. Tun da ka fita suka rubuto min cewa sharar gidan nan ta ragu da rabi."